Bayan Laka Ta Taɓu: Yadda Mazan Labanan Ke Rayuwa A Kan Keken Guragu

Duk wanda ya daɗe yana saye da sayarwa a Kantin Kwari ta Kano, ko Misebo ta Kwatano, ko Ajame ta Abijan, ya san Kwara. Mun san shi a bayan kanta, kalkuleta a hannu, ɗan ƙaramin kofin gahawa a gefe. Mun san ranar da yake sakin fuska ya ba da bashi, mun san ranar da yake tamke ta. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne gidan da ya baro a Labanan, da bakunan da ribar dilar yadi ke ciyarwa a can. A cikin waɗannan mutane akwai wani rukuni da ba a cika jin labarinsu ba: maza da lakar bayansu ta samu rauni, ƙafafu suka daina ɗaukarsu, rayuwa ta koma kan keke.

Dalilin da ya sa na san wani abu a kansu shi ne mutumin da nake sarin yadi a wurinsa a Kwatano yau shekara goma sha tara. A Kano aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, asalin iyayensa kuwa daga Juwayya ne, wani gari a kudancin Labanan da ya tura 'ya'yansa da yawa Afirka ta Yamma. Yana da ƙane da ke zaune a can gida, wanda ya faɗo daga saman ginin da danginsu ke yi yana saurayi. Kusan shekara ashirin ke nan bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. Shi ne yake riƙe da littafin kantin daga nesa, shi ke turo mini lissafin kayana ta WhatsApp, daga nan har muka saba. Ba zan kama sunansa ba. Ɗan Fagge nake ce masa, don a can ya yi ƙuruciya, shi kuma ya ce mini Yaya Alhaji.

Abin da hira da shi ta nuna mini, da ɗan abin da na karanta, shi ne wannan: likita ke faɗin ko mutum zai sake tafiya, amma daɗin rayuwa ko ɗacinta bayan haka yana rataye ne a kan wasu abubuwa da muke rainawa. Matakalar bene, wutar lantarki, kuɗin robar fitsari, sana'a, da kuma ko mutanen gida za su ci gaba da ɗaukarsa a matsayin maigida.

Mece ce laka?

Ƙashin bayan ɗan Adam ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma a manne can ƙasa. A tsakiyarsu akwai rami, cikin ramin ne laka take, farar igiya mai laushi da kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Ita ce babbar hanyar da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki, ya kuma dawo. In ta tsinke ko ta dagargaje, to kamar gada ce ta karye a kan titin da babu wani ratse: garuruwan da ke gaba suna nan, amma mota ba ta isa gare su.

Shi ya sa wurin da raunin yake shi ne kan magana. In a ƙugu ne ko ƙirji, ƙafafu ke shanyewa, hannu ya tsira. In a wuya ne, har hannaye su tafi, wani lokaci numfashi ma sai da na'ura. Kuma ba tafiya kaɗai ke tafiya ba. Mutum ya daina jin zafi ko sanyi daga wurin raunin zuwa ƙasa, riƙon fitsari da bayan gida ya kuɓuce masa, sha'anin aure ma ya taɓu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai mutum sama da miliyan 15 da ke rayuwa da wannan lalura a duniya. Mafi yawan raunin daga haɗarin mota ne, da faɗowa daga sama, da harbi ko sara. Maza sun fi mata shiga ciki nesa ba kusa ba, kuma galibi samari ne masu jini a jika, wato daidai lokacin da gida ya fara jingina da su.

Da can wannan ciwo hukuncin kisa ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yawancin sojojin da suka samu raunin laka ba su daɗe ba suka mutu, kuma gyambo da ciwon mafitsara ne suka fi kashe su. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya gudu Ingila, shi ya sauya lamarin bayan ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Ba wani sabon magani ya zo da shi ba. Cewa ya yi a riƙa juya majiyyaci a kai a kai dare da rana, a tsaftace mafitsara, a tashe shi ya koyi sana'a, ya yi wasanni. Gasar harbin baka da ya shirya wa majiyyatansa a 1948 ita ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya.

Ƙasar da yaƙi ya cika da kekuna

Labanan ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai kai na Jihar Kano ba, amma ta sha wuyar da ta fi ƙarfin girmanta. Yaƙin basasa ya ci daga 1975 zuwa 1990, ya kashe mutum sama da 100,000, ya bar dubbai da nakasa. Harsashi ko ɓarɓashin bam a gadon baya ya zaunar da samari da yawa waɗanda a yau dattawa ne masu furfura a kan keke. Sai yaƙin kwana 34 na 2006 da Isra'ila, sai fashewar tashar jiragen ruwa ta Bairut ranar 4 ga Agustan 2020 wadda ta kashe sama da mutum 200 ta raunata sama da 6,000, sai kuma yaƙin 2024. Ban da wannan ga haɗarin mota a kan hanyoyin duwatsu masu kwana-kwana, ga faɗowa daga gini.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen nan ba su zauna jiran a tausaya musu ba. Tun ana tsakiyar yaƙi, a 1981, suka kafa ƙungiyar masu nakasar jiki ta ƙasar. A 1987 kuma suka yi abin da masu ƙafa suka kasa: suka ɗauki hanya daga Halba a arewa har Sur a kudu, a kan kekuna da sanduna, suna ratsa shingayen mayaƙa na ɓangarori daban-daban, suna cewa a daina yaƙi. Cikin jagororin tafiyar akwai Nawaf Kabbara, malamin jami'a ɗan Turabulus, wanda shi ma a kan keke yake. Ka duba fa, mai bindiga a shinge ya ɗaga kai ya ga jerin mutanen da irin harsashinsa ya zaunar. Me zai ce musu?

Wannan fafutuka ce ta haifi Doka mai lamba 220 ta shekarar 2000. A takarda doka ce mai kyau ƙwarai. Ta ce a ba mai nakasa katin shaida daga Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a, a yi masa magani a kan kuɗin gwamnati, a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga, a kuma ware kashi 3 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni. Sai dai ƙungiyoyin nakasassun ƙasar sun shekara ashirin da ɗoriya suna kukan cewa mafi yawan abin da ke cikinta bai sauko daga takarda ba.

Aikin da ba a gani

Wata rana na kira Ɗan Fagge da sassafe kan wani lissafi, ya ce, "Yaya Alhaji, ka ba ni awa biyu, ban gama buɗe kanti ba." Na ce wane kanti kuma, kai da kake gida? Ya yi dariya ya ce jikinsa yake nufi.

Ya lissafa mini. Mafitsararsa ba ta sakin fitsari da kanta, don haka sau biyar a rana yake zura siririyar roba ya fitar da shi, ya cire. Likitoci kan ce sau huɗu zuwa shida. Sau biyar a rana roba 150 ke nan a wata. In aka yi sakaci da tsafta, ƙwayar cuta ta shiga, sai zazzaɓi, in abin ya yi nisa ya hau ƙoda. Bayan gida kuma yana da ranarsa da lokacinsa, kuma yakan ci masa awa guda. Sannan ya ɗauki madubi ya duba mazaunansa, da ƙugu, da dugadugai, safe da yamma.

Wannan dubawa ita ce tsakanin rai da mutuwa. Ni da kai in mun daɗe a zaune jiki zai yi mana tsami mu gyara zama ba tare da mun sani ba. Shi ba ya jin komai. Nama na danne tsakanin ƙashi da kujera, jini bai zagaya ba, fata ta mutu daga ciki. Farkonsa ɗan jan tabo ne da ba ya ɓacewa in an danna, ƙarshensa rami har ƙashi. Shi ne gyambon kwanciya. Maganinsa na farko shi ne kada ya zo: a juya mai kwance duk bayan awa biyu, mai zaune kuma ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata a kai a kai, a sa masa matashi na musamman a kujera. Ɗan Fagge ya taɓa yin wata huɗu a kife kan gado saboda gyambo ɗaya da bai fi bakin kofin shayi ba.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Ƙafar da ba ta jin tsinin allura, ita ce kuma take masa raɗaɗi kamar an zuba garwashi, musamman cikin dare a lokacin sanyi. Jijiyoyin da suka lalace ne ke aika saƙon ƙarya. Ya ce mini, "Mutane suna ganin keke sai su ce Allah sarki, ba ya tafiya. Wallahi Yaya Alhaji, in aka ce na zaɓi abu ɗaya a mayar mini, ba tafiya zan zaɓa ba. Mafitsarata zan zaɓa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da lira ta faɗi, da wuta ta ɗauke

Mu 'yan kasuwa mun san zafin faɗuwar kuɗi, amma abin da ya samu Labanan daga ƙarshen 2019 ya wuce misali. Sama da shekara ashirin dala ɗaya tana kan lira 1,500 da 'yan kai. Cikin 'yan shekaru ta haura 100,000, kafin ta zauna a wajen 89,500. Albashin lira miliyan ɗaya da rabi da a da yake dala 1,000 ya koma bai kai dala 17 ba. Bankuna suka rufe kan ajiyar mutane, mai dala dubu hamsin a asusu ya koma yana bin layi don a ba shi ɗan abin cefane. Kwarorin Afirka da yawa da suka shekara talatin suna tura riba gida, a nan guminsu ya maƙale.

To ka ɗora wannan a kan mai ciwon laka. Robar fitsari daga waje ake kawo ta, safar hannu daga waje, maganin raɗaɗi daga waje, matashin kujera da tayar keke daga waje, duk da dala. Inshorar lafiya ta gwamnati kuwa da lira take biya, lirar da ta zama takarda. Ɗan Fagge ya ce ya san waɗanda suka koma wanke robar da aka yi don amfani sau ɗaya, suna maimaita ta har ta yi tauri, da waɗanda suka rage shan ruwa don kada su buƙaci robar da yawa. Duka biyun hanyar ciwon ƙoda ce. Shi abin da ya cece shi, duk wanda zai tafi Bairut daga Kwatano sai an cusa masa kwalin roba a jaka. Wanda ba shi da ɗan'uwa a Afirka ko Turai fa?

A 2023 gwamnati tare da UNICEF da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fara biyan masu nakasa alawus na dala 40 a wata, amma da matasa 'yan shekara 18 zuwa 28 aka fara. Dattawan da yaƙin basasa ya zaunar ba su shiga wannan zagaye na farko ba.

Sai maganar wuta. Mutanen biranen Labanan a benaye suke zaune, hawa biyar, hawa takwas, hawa goma. Lif ke kai mutum ƙofarsa. Da tattalin arziki ya durƙushe, wutar gwamnati ta koma awa ɗaya ko biyu a rana, har a watan Oktoban 2021 ta ɗauke gaba ɗaya a faɗin ƙasar. Masu janareton unguwa suna sayar da wuta, amma da tsada, kuma ba kowane gini ke iya haɗa lif da ita ba. Mai ƙafa zai yi tsaki ya hau matakala. Mai keke kuwa an kulle shi ke nan ba tare da kwaɗo ba. A lokacin Ɗan Fagge yana hawa na huɗu a Sur. Ya ce ya taɓa yin mako shida bai sauko ba, teku na gabansa ta taga, yana jin hayaniyar kasuwa, amma in ba ƙarti biyu sun ɗauke shi kamar buhun shinkafa ba, babu fita. Katifar iska da ke hana gyambo, ita ma da wuta take aiki. Ƙarshenta ya bar birni ya koma ƙauye, gidan ƙasa, aka zuba siminti aka yi masa gangare a bakin ƙofa. Ya ce ranar da ya tura kansa zuwa shagon mai burodi ba tare da ya roƙi kowa ba, ji ya yi kamar an sallamo shi daga kurkuku.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumban 2024, mutum sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, yawancinsu daga kudu. Makarantu aka mayar matsuguni, su kuma makarantun matakala ce ko'ina, bandakinsu keke ba ya shiga. Ɗan Fagge ya kwana a mota a kan hanyar Bairut, a zaune, ga cunkoso, babu wurin juyawa, babu ruwan wanke hannu. Ya ce ƙarar jirage bai dame shi kamar tunanin fatarsa ba. Sai bayan tsagaita wutar 27 ga Nuwamba suka koma gida.

Guntun gatarinka

In ka tambaye ni abu ɗaya da ya fi raba mai ciwon laka da ya miƙe da wanda ya karaya, zan ce sana'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa sama da kashi 60 cikin 100 na manya masu wannan lalura ba su da aikin yi, kuma kashi 20 zuwa 30 na fama da ciwon damuwa mai tsanani. Abubuwan biyu 'yan gida ɗaya ne. Namijin Labanan kamar namu yake: darajarsa a idon kansa ita ce ya fita ya nemo, ya ajiye kuɗin cefane, a zo gare shi neman shawara. In aka wayi gari shi ake ba, ba shi ke bayarwa ba, wani abu yana mutuwa a cikinsa da babu hoton asibitin da zai nuna.

Wan nasa ya ba ni labarin shekara biyun farko. Suna tura kuɗi duk wata, an ɗauko mai jinya, an sayi talabijin babba, ba a bari ya ɗaga ko cokali. Shi kuma sai ramewa yake, ya daina magana, ya juya fuska bango. Ranar da akawun kantin ya ajiye aiki, wan ya kira shi cikin fushi ya ce, "Kai, ƙafarka ce ta mutu ko kanka? Ga littafi nan, ka fitar mini da lissafin kwantenan nan kafin Juma'a." Ya fitar kafin Laraba, har ya gano inda kuɗi ke zurarewa. Daga ranar aka yanka masa albashi, albashi na gaske, wanda in ya yi kuskure a yi masa faɗa. Ɗan Fagge ya ce faɗan nan ya fi masa daɗi a kan duk "sannu" da ya sha a shekara biyu.

Akwai waɗanda suka gane haka tun tuni. Ƙungiyar Arcenciel, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980 ana cikin yaƙi, ta buɗe wuraren ƙera kekunan guragu da sandunan dogarawa, kuma masu nakasa ne da yawa cikin maƙeran. Wanda ke zaune kan keke shi ya fi kowa sanin inda keke ke ciwo. A Sarafand da ke kudu akwai babbar cibiyar gyaran gaɓoɓi mai ɗauke da sunan Nabih Berri, shugaban majalisar ƙasar, wanda shi kansa a Saliyo aka haife shi.

Akwai kuma waɗanda sunansu ya fita duniya. Edward Maalouf ya faɗo daga bene yana bakin aiki a 1995, ƙafafunsa suka shanye. A 2008 ya ciyo wa Labanan lambobin tagulla biyu a tseren keken hannu a gasar nakasassu ta Beijin. Michael Haddad yana ɗan shekara shida ya yi haɗari da babur ɗin ruwa, ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa. Ya koyi tafiya da sanduna da wasu ƙarafa da ke tallafe jikinsa, ya yi tattaki mai nisa a duwatsun ƙasarsa, har Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta kan sauyin yanayi. Da na ambata wa Ɗan Fagge su, sai ya ce, "Jarumai ne, ina alfahari da su. Amma ni ba lambar yabo nake nema ba. In shiga banki ta ƙofar da kowa ke shiga, in tarar ba a ajiye mota a bakin gangaren titi ba, ya ishe ni."

Maganar aure

Wannan fanni ne da ake jin nauyinsa a can kamar yadda ake ji a nan, amma mujallar iyali ce, dole a taɓa shi. Raunin laka yana shafar kusantar iyali, kuma maza da yawa suna samun matsalar haihuwa ta hanyar da aka saba. Sai dai likitoci suna da magunguna da dabarun taimako, kuma da yawa sun zama iyaye. Ɗan Fagge ya yi aure bayan haɗarinsa da shekaru, yana da 'ya mace ɗaya. Ya ce abin da ya fi wuya shi ne samun likitan da zai yi masa bayani ba tare da sunkuyar da kai ba, da kuma dangin matar da suka ce 'yarsu za ta zama 'yar jinya.

Tsoron nasu ba a banza yake ba. A Labanan, kamar sauran wurare, nauyin jinya a kan mata yake faɗawa: uwa, mata, 'yar'uwa. Ita ke tashi tsakar dare ta juya shi, ita ke ɗaga shi har bayanta ya lalace, ita ke barin aikinta. In ta gaji babu wanda take iya gaya wa, don kada a ce ta kasa haƙuri. Gidan da ya zauna lafiya shi ne wanda aka raba aikin. Matar Ɗan Fagge malamar makaranta ce, kuma tun farko suka yi sharaɗi cewa duk abin da zai iya yi wa kansa, ko zai ɗauki awa guda, shi zai yi. Ya ce, "Mata na aura, Yaya Alhaji. In na mayar da ita nas, wa zan yi hira da shi da dare?"

Abin da ya shafe mu

Ba sai na faɗa ba, mu fatake rabin rayuwarmu a kan titi take. Daga Kwatano zuwa Malanbil, daga Lome zuwa Sinkase, a saman kaya, a bayan babur, cikin motar da direbanta bai yi barci ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abubuwa kaɗan da ya kamata kowane gida ya sani.

Na farko, a wurin haɗari. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ba ya jin ƙafarsa, ko ya suma, kada a ja shi ta hannu da ƙafa, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur. In ba wuta ko wani haɗarin ke tafe ba, a bar shi yadda yake har masu agaji su zo. In dole ne a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Ƙashi kan karye laka ba ta taɓu ba, sai ɗaukar gaggawa ta ƙarasa ta. Kuma karayar baya ba ta maɗori ba ce, asibiti za a nufa.

Na biyu, in an dawo gida. A juya shi duk awa biyu, a duba fata kullum, shimfiɗa ta kasance a bushe babu ƙudundunewa, ya sha ruwa sosai, a kiyaye tsaftar roba. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, in ciwon kai mai sara ya taso masa farat ɗaya da gumi da jan fuska, jininsa ne ya hau, kuma sau da yawa mafitsara ce ta cika ko roba ta toshe. A zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a duba robar, a nemi likita nan take.

Na uku, kuɗin da za a kashe wajen yawon neman wanda zai tashe shi ya yi tafiya cikin kwana bakwai, a sayi keke mai kyau da matashi da shi, a fasa dokin ƙofa, a faɗaɗa ƙofar bandaki, a ba shi ɗaki a ƙasa.

Na huɗu, kada a karɓe masa rumfa. Ciniki da baki da kai ake yinsa, yanzu ma har da waya. A ƙungiyoyinmu na zango muna da asusun biki da na rasuwa da na mayar da gawa gida. Ina ganin lokaci ya yi da za a ƙara layi ɗaya a littafin: ɗan'uwan da haɗari ya zaunar, a haɗa masa keke da jarin da zai ci gaba da juyawa, a kuma ci gaba da kiransa taro ana jin ta bakinsa.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.